Kafin Ku Kashe Murhu: Jagorar Cin Ɗanyen Ganye da 'Ya'yan Itace a Kuta

Tun da bidiyon masu cin ɗanyen abinci ya fara yawo a wayoyin mutane, tambaya ɗaya ake ta kawo mini: wai da gaske ne idan mutum ya bar dafaffen abinci, ya bar nama da kifi da ƙwai da nono, ya koma ganye da 'ya'yan itace zalla, ciwon sukari da hawan jini da teɓa za su rabu da shi? Haɗa kwaɗo da kunun aya da koya wa mata sarrafa kayan lambu ne sana'ata a nan Kuta, don haka ina ganin masu farawa, ina kuma ganin inda suke tuntuɓe. Kurakuran ba sa canzawa. A fara dare ɗaya, a ɗauraye ganye da ruwan gishiri a ce ya wanku, a ci ɗanyen abin da bai ciwuwa sai da wuta, a wuni da yunwa ana kiranta wankin ciki, wani ma ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai.

Wuta aiki uku take yi wa abinci. Tana kashe ƙwayoyin cuta, tana karya dafin da wasu tsirrai ke ɗauke da shi, tana kuma tausasa abinci yadda hanji zai iya tatsar ƙarfin da ke cikinsa. Duk wanda ya janye wuta, waɗannan ayyuka uku sun dawo wuyansa. Jagorar nan a kan yadda ake sauke su take.

Cin ɗanye ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Turai, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Bircher-Benner, ya buɗe gidan jinya a Zurik a 1904 yana ciyar da majinyata ɗanyen abinci, daga irinsu wannan tsari ya bazu. Mu kuwa mun tashi mun tarar da kwaɗon lansir, gumba, aya, yalo, rake da garin kuka. Abin da ya same mu shi ne kwanonmu ya koma doya, sakwara, tuwo da shinkafa, ganyen kuma ɗan kaɗan ne a miya, an dafa shi har ya fita hayyacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, ban da doya da rogo da dankali. Gidaje da yawa ba sa zuwa kusa da haka. Wannan giɓin nake so a cike. Kashe murhu gaba ɗaya kuwa ba shawarata ba ce, za ku ga dalili a gaba.

Kayan aiki

- Ruwa mai tsabta: wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa WaterGuard ko Aquatabs bisa awon da aka rubuta a jikinsu.
- Robobi biyu manya da kwandon tsane ruwa.
- Wuƙa mai kaifi da katakon yanka da ba a ɗora masa nama ko kifi. Ɗanyen nama yana barin ƙwayoyin cuta a tsagar katako, kwaɗo kuma ba zai ga wuta ba balle su mutu.
- Turmi da taɓarya, ko blanda ga mai hali.
- Farin ƙyallen tata da rariya.
- Mazubai masu murfi mai kamawa sosai, saboda ɓera.
- Sabulu da ƙaramin buroshi na goge karas da kankana.
- Ƙwayar bitamin B12, ga wanda zai bar kayan dabba gaba ɗaya.

Mataki na 1: Ku fara sanin jikinku

Kafin a canza komai, a je asibiti, ko a nan Kuta ko Babban Asibitin Minna, a auna yawan jini, sukari, hawan jini da nauyi, a rubuta a ajiye. In babu wannan, bayan wata uku ba za ku san gaba kuka yi ko baya ba.

Akwai waɗanda ɗanye zalla bai dace da su ba sam: mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara, masu sikila, mai fama da tarin fuka ko wata doguwar jinya, da tsohon da haƙoransa suka yi rauni. Cikin yaro ƙarami ne, ganye zai cika shi tun jiki bai samu abin girma ba. Mai ciwon ƙoda ya nemi izinin likita, domin ayaba da dabino da tumatir suna da sinadarin fotashiyam da yawa, ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, yana kuma iya taɓa bugun zuciya. Mai sukari ya sani mangwaro da dabino da rake sukari ne, ko da daga bishiya ko gona suka fito. Kada kowa ya ajiye maganinsa don ya fara cin ganye. In abinci ya yi amfani, awo zai nuna, likita ne zai rage maganin.

Mataki na 2: Ku rarrabe abin da ke ciwuwa ɗanye

Nan ne haɗari mafi saurin kisa yake, kuma ƙasarmu ta doya da rogo ce.

Ɗanyen rogo yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanaid a ciki, mai ɗaci ya fi yawa, amma mai zaƙin ma ba a rasa ta. Jiƙawa, tsimawa, shanya da wuta ne ke fitar da ita. Mutane kan ce ai garin rogo jiƙa shi kawai ake yi a sha. Garin nan an gurza shi, an matse, ya tsima kwanaki, an soya shi a kasko kafin ya iso kofinku. Dafaffe ne.

Doya da gwaza ba a cin su ɗanye. Ƙaiƙayin da suke yi a hannun mai fera shi za su yi a maƙogwaro da hanji. Dankalin Turawa ma haka, balle wanda bayansa ya yi kore. Wake da waken suya suna da sinadaran da ke sa amai da zawo su kuma hana jiki cin moriyar abincin, jiƙo kaɗai ba ya gamawa da su. Ƙwallon kashu yana da mai a ɓawonsa mai ƙona fata da baki, tsokar 'ya'yan ce kawai ake sha. Naman kazan daji a bar shi inda aka gan shi. Rama, yakuwa, alayyafo da tafasa sun fi son a sulala su. Ganyen zogale kaɗan a cikin kwaɗo ba laifi, ko a shanya a inuwa a daka, amma saiwarsa da ɓawonsa ba abinci ba ne. Mai ciki ta guji ɗanyar gwanda mai ƙaro.

Waɗanda ke ciwuwa suna da yawa: lansir, latas, kabeji, karas, kokwamba, gurji, tumatir, albasa, tattasai, yalo, ƙaramar kuɓewa, aya, riɗi, gyaɗa, kwakwa, dabino da nunannun 'ya'yan itace.

Mataki na 3: Cefane, a bi lokacin kowane abu

Mai cin ɗanye da ya ƙi bin lokaci aljihunsa zai gaya masa. Da hunturu kayan noman rani ke sauƙi, wato lansir, latas, karas, kabeji da tumatir, ga lemu, ga rake, ga 'ya'yan kuka sun bushe. Da bazara kashu da mangwaro su cika gari, ɗorawa ta biyo baya. Farkon damina kaɗanya ke zuba, jiharmu ta Neja kuwa tana cikin gidajen kaɗe a ƙasar nan. Tsakiyar damina zuwa kaka sai yalo, goba, ɗinya da sabuwar gyaɗa. Shiga daji tsintar kaɗanya ba kamar da ba ne a ƙasar Shiroro saboda halin tsaro, kada kowa ya sa ransa a haɗari don ɗan itace. Abin da ya iso kasuwar Kuta ko ta Gwada ya isa. Wanda babu a nan, kamar dabino da busasshiyar aya mai kyau, a yi sautunsa daga kasuwar Kure a Minna, suna ajiyuwa.

A kasuwa a lura da abu uku. Na farko, fasasshen tumatir mai araha na miya ne, in ma za a saya, ba na kwaɗo ba. Na biyu, mangwaro da ayabar da aka nuna da kabaid, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai: bayan ya yi ruwan ɗorawa bai ɗaya, amma babu ƙamshi, ciki da tauri da tsami. Na uku, feshi. In kun san manomin, ku tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe, domin kowane magani yana da kwanakin jira kafin girbi. Kabejin da ke warin magani ko mai farin busasshen tabo a ganye, a wuce shi.

Gyaɗa tana buƙatar ido na musamman. Wadda ta sha danshi a ajiya takan yi fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji. Ko wuta ba ta kashe ta. A baza gyaɗar a tire, a tsince duk wadda ta yamutse, ta canza launi ko ƙwaro ya huda. Wadda ta yi ɗaci a baki a tofar, kada a haɗiye.

Mataki na 4: Wanki

In mutum zai riƙe mataki ɗaya tak a jagorar nan, to wannan ne. Ganyen da ke gabanku ya kwanta a ƙasar da aka zuba kashin kaji ko na shanu, an yi masa ban ruwa da ruwan rafi, a wasu lambunan birni ma da na kwata, an yayyafa masa ruwan bokiti a kasuwa don ya yi sheƙi, hannaye da yawa sun juya shi. Kwalara, taifot, atini da tsutsar ciki duk ta wannan hanya suke shiga. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Neja na cikin jihohin da abin ya taɓa.

Ga yadda ake yi. A wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A cire ganyen waje na kabeji da latas a zubar, sauran a ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Latas ɗin da aka tsoma a dunƙule bai wanku ba, ƙasar tana can a gindin ganye. Lansir a yanke saiwarsa tukuna. A zuba a robar farko, a cuɗa kowane ganye da yatsu, sannan a tsamo ganyen daga ruwan zuwa roba ta biyu. Kada a tsiyaye ruwan ta kan ganyen, yashin da ya kwanta zai sake komawa kansa. A maimaita har gindin roba ya fita tas. Sannan a jiƙa a ruwan da aka sa wa maganin tsabtace ruwa, gwargwadon yadda takardarsa ta ce, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a tsane a kwando.

Me ya sa cuɗawa da kuma magani? Maganin yana kashe yawancin ƙwayoyin kwalara da taifot, amma ƙwan tsutsar ciki yana da ɓawo mai tauri, maganin ba ya ratsa shi, sai dai hannu da ruwa su ture shi. Gishiri kuwa, wanda kowa ya dogara da shi, yana sa tsutsar ganye da ƙananan ƙwari su saki, iyakarsa ke nan. Ruwan khal ya ɗara gishiri, amma shi ma ragewa yake yi.

Kankana, gwanda da abarba a goge bayansu kafin a yanka, don wuƙa na kwasar dattin baya ta kai shi cikin tsoka. A wanke kafin yanka, ba bayan yanka ba. Abin da aka yanka a cinye cikin awa biyu, da zafin bazara ma awa ɗaya, in ba firjin da ke aiki. Yankakkiyar kankanar tire da ta wuni a rana ba ta mai wannan tsari ba ce. Idan aka ji kwalara ta ɓulla a gari, a ajiye latas da lansir sai ta lafa, a koma abin da ake ɓarewa da hannu: ayaba, lemu, gwanda.

Aya, dabino, riɗi da garin kuka a rufe su ruf. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake bi, ya fi tashi da rani, kuma abin da aka shanya a bakin titi ya kwana a buɗe ba mai sanin abin da ya bi ta kansa.

Mataki na 5: Ku haɗa kwanon da zai riƙe ciki

Mafi yawan masu farawa yunwa ce ke kayar da su. Babba yana buƙatar kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a rana, mai huɗar doya ya wuce haka nesa. Giram 100 na kabeji kalori 25 ne, na kokwamba 15. Ayaba matsakaiciya wajen 100 ce, wato sai mutum ya ci fiye da ashirin kafin ya haɗa na yini. Gyaɗa da riɗi kuwa giram 100 ya haura 550, gyaɗar kuma tana ba da wajen giram 25 na sinadarin gina jiki, rabin abin da mai nauyin kilo 60 ke buƙata. Saboda haka kowane kwano sai ya haɗa ganye, abu mai maiƙo da abu mai zaƙi ko gari.

Kwaɗon lansir shi ne abin koyi. Lansir dami biyu a yanka ƙanana, tumatir uku masu tauri, albasa ɗaya, kokwamba ko gurji, karas a gurza. A daka riɗi cikin gwangwanin madara ɗaya sai ya fara fitar da mai yana kama taɓarya, a zuba ɗan barkono da gishiri, a dama da ruwan lemun tsami da cokali biyu na man gyaɗa. Kada a haɗa sai za a ci, gishiri na janyo ruwan ganye ya saki. In an cuɗa daidai, kowane ganye zai ɗauki riɗin, yajin lansir ya hau hanci, gindin kwano kuma ba ruwa. Masu tsananta ɗanye suna ƙin ƙuli-ƙuli don soyayye ne. Ni ina zuba shi, kuma ina ba da shawarar a zuba.

Man da lemun tsamin ba don daɗi kawai ba ne. Bitamin A na karas sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa, sinadarin ƙarfen da ke ganye da riɗi kuma bitamin C ke taimaka masa shiga jini. Shayi yana hana shi, don haka a raba su da awa guda. Garin 'ya'yan kuka da goba suna da bitamin C sosai: a jiƙa farin garin a ruwa mai tsabta, a tace, a sa dakakken dabino.

Mataki na 6: Jiƙo

Kunun aya suna ne kawai, ba ya hawa wuta. Busasshiyar aya gwangwani huɗu, a tsince, a rege tsakuwa, a wanke sau da yawa, a jiƙa ta kwana, da safe a zubar da ruwan jiƙon. A haɗa da dabino goma da aka cire wa ƙwallo aka duba cikinsu, rabin kwakwa, ɗanyar citta da kanumfari kaɗan, a markaɗa, a tace da ƙyalle. Inda ake ɓata shi shi ne injin markaɗen unguwa, wanda ya gama niƙa wake da tattasai, aka kuma kora da ruwan da ba a san asalinsa ba. In dole sai inji, ku je da ruwanku, a wanke shi a gabanku. Kunun aya ba ya jure zafi; da ya fara kumfa, tsami ko yauƙi, a zubar. Tuƙar kuma a shanya a rufe, tana shiga gumba.

Gumba: a surfa gero, a wanke, a rege, a jiƙa, a tsane, a daka da citta, kanumfari, masoro da dabino. Tana riƙe ciki, amma ɗanyen gero yana wahalar narkewa, dunƙule ɗaya ya isa.

Tsirar da iri, wanda ake yawan nunawa a bidiyo, ba na koyar da shi. Danshi da ɗumin da iri ke so ya tsira, su ƙwayoyin cuta ke so su hayayyafa. A Jamus a 2011 tsiron hulba ya kwantar da dubbai, ya kashe fiye da mutum 50, a ƙasar da ke da ruwan famfo da firji a kowane gida. Wanda ya tsirar, ya sulala kafin ya ci.

Mataki na 7: Abin da tsiro ba zai ba ku ba

Bitamin B12 babu shi a zogale, babu a kuka, babu a dabino. Daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Abin da babba ke buƙata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4 a rana, hanta kuma tana da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau yana musanta maganar. Ranar da ajiyar ta ƙare sai ƙarancin jini, jin tsira-tsira kamar ana tsikara da allura a tafin ƙafa da hannu, mantuwa da tangaɗi. Lahanin jijiya in ya daɗe ba lallai ya warke ba. Jaririn da uwarsa ba ta da shi ya fi kowa shiga haɗari.

Hanya biyu ce. Ko a sha ƙwayar B12 a kai a kai bisa awon likita ko mai harhaɗa magani, ko a riƙa cin ɗan kifi da ƙwai da nono a cikin mako. Mu da kifin madatsar Shiroro ke iso mana daga Zumba, Fulani kuma na kawo nono har ƙofar gida, ta biyun ta fi sauƙi da araha. Wanda ya zaɓi barin nama don lafiyarsa ko ra'ayinsa, zaɓinsa ne, amma kada ya mai da halal abin ƙyama a gidan mutane ko ranar layya. Gishirin gida ya zama mai aidin, kaɗan kuma, kada ya wuce ƙaramin cokali a yini.

Mataki na 8: A shiga a hankali, a san lokacin tsayawa

Makon farko a canza karin kumallo kawai, ko a sa kwaɗo kafin tuwon dare. Hanjin da ya saba da sakwara in aka cika shi da ɗanyen kabeji dare ɗaya, kumburi da iska da murɗa ne za su biyo. A tauna sosai, a sha ruwa. Bayan mako biyu a ƙara abinci na biyu. Inda nake so mutum ya tsaya shi ne rabin kwano ɗanye, sauran dafaffen wake, doya, gero ko dawa. Wasu abubuwan ma wuta ƙara musu amfani take yi, kamar tumatir da karas.

Dalilin tsayawa a nan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Gisen ta Jamus, aka wallafa a 1999, ya duba sama da mutum 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. An ga yadda ɗanyen ya yawaita haka rama ke ƙaruwa, kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba kuma al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke.

Bayan wata uku a koma a maimaita awon farko, a gwada da abin da aka rubuta. Amma kada a jira wata ukun idan aka ga jiri, bugun zuciya da ɗan aiki kaɗan, farin ido da tafin hannu, zubar gashi, ɗaukewar al'ada, ramar da ba a nema ba, ko mutuwar yatsu. A koma dafaffen abinci a ranar, a je asibiti, a gaya wa likita ainihin abin da ake ci da tsawon lokacin da aka ɗauka ana ci. Zawo mai ruwa-ruwa kamar ruwan shinkafa kuwa ba ya jiran gari ya waye: a fara shan ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, a kama hanyar asibiti ana sha.